Tsakanin Henry AR-7 da Ruger 10/22 Takedown

Malam, ka ce kana Amurka, kana neman doguwar bindiga mara nauyi mai ƙaramin harsashin nan .22 LR da ake rabawa a ajiye saboda ko-ta-kwana. Ni dai Ruger 10/22 Takedown zan ce. Murɗawa ɗaya ta rabu biyu, gidan harsashinta na cin 10, kayan gyaranta kuma ko'ina akwai.

Henry AR-7 ta fi ta sauƙin ɗauka, kilo ɗaya da rabi ce da ɗoriya, komai nata na shigewa cikin gindinta. Sai dai tana da zaɓen harsashi, mara ƙarfi yakan maƙale mata. Zomo da kurege dai za ka samu da ita, kada ka sa ran barewa.

Kafin ka biya, duba dokar jiharku.