Kakanmu ya zauna tun zamanin Turawa, yau an ce mu tashi

Tambaya: Barista, kakanmu ya sari daji ya zauna a bayan gari tun zamanin Turawa. Yanzu gari ya cim mana, sai ga wani da takardar mallaka ta gwamna, wai mu 'yan kama-wuri-zauna ne, ya ba mu wata guda mu tashi. Ba mu da takarda ko ɗaya. Ina mafita?

Amsa: Malam, rashin takarda bai mai da ku 'yan kama-wuri-zauna ba. Abin da kotu za ta bi shi ne yadda kakanku ya shiga wurin, da kuma ko hukuma ta taɓa karɓe shi.

Dokar ƙasa ta 1910, wadda aka sabunta a 1916, ta sa ƙasar Arewa gaba ɗaya a hannun Gwamna Bature, amma talaka ya ci gaba da samun gona ta hannun dagaci da hakimi, ba rubutu ba safiyo. Dokar 1962 ta Jihar Arewa ta tafi a kan haka. Da dokar amfani da ƙasa ta zo a 1978, sashe na 34 da na 36 suka ce wanda aka tarar yana riƙe da wuri bisa halal, da gini ko noma, a ɗauka kamar an riga an ba shi izinin zama. A shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990 Kotun Ƙoli ta nuna cewa takardar da aka bayar a kan filin da wani ke da irin wannan haƙƙi ba ta kashe haƙƙinsa. Kafin a kashe shi, sai gwamna ya soke shi don amfanin jama'a ƙarƙashin sashe na 28, an kai muku sanarwa a rubuce, an biya diyyar gini da amfanin gona. Ku tambayi dattawan gida ko an taɓa kawo irin wannan takarda.

Inda gizo ke saƙa shi ne idan Turawa sun riga sun keɓe wurin. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 an yanki filaye gefen titin jirgi, haka ma na bariki da unguwar Turawa, aka kafa duwatsun safiyo. Mutane da yawa sun zauna a irin waɗannan wurare hukuma ta kau da kai. In haka naku yake, gaskiya ƙararku ba ta da ƙarfi sosai, domin wurin ya riga ya zama na hukuma, sashe na 49 na dokar 1978 kuma ya bar wa Gwamnatin Tarayya abin da take riƙe da shi. Nan sai neman sulhu: ƙarin wa'adi, canjin fili, ko kuɗin gini. Haka kuma in aro aka ba kakanku, ko jingina ce, daɗewa ba ta mai da shi naku, ko a hukuncin hauzi na Malikiyya, wato mallaka ta hanyar daɗewa da riƙe wuri, da ake yawan kafa hujja da shi.

Cikin makon nan lauyanku ya nemi binciken fayil ɗin takardar a ma'aikatar ƙasa (a Kano KANGIS, a Kaduna KADGIS), ya ga shekarar da aka bayar da ita da abin da aka dogara a kai. Tsofaffin taswirori da fayilolin En'e, wato hukumar gargajiya ta da, kuma ana samun su a Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Ku tattara rasidin haraji, ku ɗauki hoton tsohuwar rijiya, kaburbura da manyan itatuwa, ku kira mai safiyo ya fitar da iyaka. Shaidar maƙwabtan iyaka ta fi ta dangi nauyi. Tarihin gado hujja ce da shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976 ta amince da ita, sai dai dole a jero sunaye daga wanda ya sari dajin har zuwa ku ba giɓi. A nan ƙararraki da yawa ke faɗuwa.

Tun da takardar gwamna ce a tsakani, Babbar Kotun Jiha ce ke da hurumi bisa sashe na 39 na dokar 1978. Ku shigar da ƙara kafin watan ya cika, tare da roƙon umarnin dakatar da rusau. Shi mai takardar ba shi da ikon kawo katafila ko 'yan daba ba tare da hukuncin kotu ba. Ku ma kada ku tare shi da makami, kada kuma kowa ya karɓi “kuɗin tashi” ko ya sa hannu a wata takarda lauya bai karanta ba.