Neman gidan haya a Gombe ga mai sana'ar girki

Malama, kin tambaya ko ya dace ki bar cikin gari ki kama haya a sababbin unguwanni irin su Tumfure, alhali kina toya masa da dafa abincin biki a gida. Ina ganin kada ki yi gaggawa.

Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996 ake ta gine-gine, sannan zuwan mutanen da rikicin Boko Haram ya raba da Borno da Yobe ya ƙara wa haya tsada. Saboda haka masu gida da yawa sun koma gina ƙananan sassa, inda kicin ɗin ba ya wuce wurin ajiye tukunyar gas da 'yan kwanuka, kuma babu tsakar gida da za ki kafa murhu, ki ɗora tanda, ko ki shanya tattasai. Wasu ma sukan hana girki da itace ko gawayi, saboda hayaƙi yana ɓata fenti, maƙwabta kuma su yi ƙorafi. Kafin ki biya kuɗin shekara da la'adar dillali, ki nemi a rubuta izinin sana'arki a cikin yarjejeniya.

Ki binciki ruwa sosai, domin ruwan famfon da ake kawowa daga madatsar Dadin Kowa ba kowane layi yake kaiwa kullum ba, kuma sayen ruwa wurin 'yan garuwa zai cinye ribar masa. Idan masu sayen abincinki a Jekadafari ko Bolari suke, ki lissafa kuɗin Keke Napep na kai musu.