Swift Current Broncos: ƙaramin gari, babban kofi

Ka tambaya ko ƙungiyar matasa ta hokin ƙanƙara a ƙaramin gari ta taɓa yin abin a zo a gani. Malam, duba Broncos ta Swift Current, garin da ke lardin Saskatchewan a Kanada, mutanensa ba su kai dubu 20 ba. An kafa ta a 1967, ta koma garin Lethbridge a 1974, ta dawo gida a 1986.

A shekarar 1986 ɗin, ranar 30 ga Disamba, motarsu ta zame kan ƙanƙara a hanyar zuwa birnin Regina, ta kife. Yara huɗu suka rasu. Joe Sakic, wanda daga baya ya zama shahararren ɗan wasan hoki, na cikin waɗanda suka tsira. Abin da ke taɓa min zuciya, ba su watse ba: a 1989 suka doke ƙungiyar birnin Saskatoon 4-3 a ƙarin lokaci, suka ɗauki kofin Memorial, babban kofin hokin matasa na Kanada.