Tiyon regileta na jan bakina gefe idan na yi nutso

Ɗan'uwa, ka ce muƙamuƙinka na ciwo bayan nutso saboda tiyon regileta, wato na'urar da ake shaƙar iska da ita a ƙarƙashin ruwa, na jan robar baki zuwa dama. Fara duba silindar iska da kake goyawa. Idan ka ɗaure ta ƙasa sosai, tiyon da ke bi ta kafaɗar dama zai miƙe tsam, da ka waiga hagu ya fizge bakinka. Ɗaga ta kaɗan, amma kada kan regileta da ke ɗaure a bakin silinda ya riƙa bugun ƙeyarka.

Sai tsawon tiyo. Na baki yawanci santimita 70 zuwa 80 ne. Gajere yana ja, mai tsawo kuma yana lanƙwasa kamar baka ya ture robar gefe, ga ruwa na kaɗa shi. Wanda aka kitsa da zare ya fi na roba laushi, sauyin nan kaɗai kan magance matsalar. Akwai kuma robar baki da ake tsomawa a ruwan zafi, ka ciza ta ɗauki siffar haƙoranka. Gwiwar ƙarfe mai juyawa da ake sawa a ƙarshen tiyo ta wajen baki tana taimakawa, sai dai ta ƙara zoben roba da zai iya yoyo, don haka ni ita nake bari ƙarshe.

Regiletar ko-ta-kwana, mai tiyon kusan mita 1, ta bi ƙarƙashin hammatar dama, ka maƙale ta a ƙirji. Ma'aunin da ke nuna iskar da ta rage a silinda ya bi hagu. Duk sauyin da ka yi, gwada shi a wurin wanka mara zurfi kafin ka shiga teku.