Filin Masu Karatu: Wanda ba a binne ba, ta ina zai tashi?

Tambaya: Baba Pasto, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni gwauruwa ce, 'yar Zumuntar Mata. Lokacin da 'yan Boko Haram suka ci Mubi a watan Oktoba na 2014, ni da yara muka bi ta duwatsu muka faɗa Kamaru, maigidana kuma ya koma ɗauko mahaifiyarsa. Tun ranar ban sake sa shi a ido ba. Wasu sun ce sun ga ya faɗi a hanya. Babu gawa, babu kabari. Yanzu ina riƙe da 'ya'yana da na ƙanensa marigayi, kuma duk rasuwar da aka yi a ikilisiyarmu ni ce a bakin murhu. Ranar Ista in aka ɗauko waƙar tashin matattu sai muryata ta sarƙe. Wata uwa a zumunta ta ce kuka bayan shekarun nan rashin bangaskiya ne. Baba, gaskiya ne? Kuma wanda ba a binne ba, ta ina zai tashi? Na gaji.

Wata uwa, daga Yola

Amsa: 'Yata, sannu da haƙuri. Allah ya raya miki yaran nan, ya sa su zama masu share miki hawaye.

Bari in fara da maganar kabari, don ina jin ita ce ke hana ki barci. Musa, wanda ya fito da Isra'ilawa daga Masar, ba shi da kabarin da za a nuna. Surar ƙarshe ta Maimaitawar Shari'a ta ce an binne shi a wani kwari a ƙasar Mowab, kuma ba wanda ya san wurin. Amma da Yesu ya hau dutse tare da Bitrus da Yakubu da Yahaya, kamanninsa suka sake, wa suka gani tsaye yana magana da shi? Musa ne da Iliya. Allah ya san inda nasa suke ko da 'yan'uwa sun neme su sama ko ƙasa sun rasa.

Wannan ciwo naki ya daɗe a ikilisiya. A shekara ta 177, a birnin Liyon da ke Faransa ta yau, an kashe masu bi da yawa. Aka bar gawawwakinsu a fili kwana shida, sojoji na gadi, sannan aka ƙone su, aka share tokar aka zuba a kogin Ron. Masu wannan aiki ba su ɓoye nufinsu ba, cewa suka yi bari su gani ko za su tashi. Waɗanda suka tsira sun rubuta wa 'yan'uwa na Asiya, a ƙasar Turkiyya ta yau, wasiƙa, a ciki suka ce hana su binne nasu ya ci musu rai ƙwarai: sun jira dare bai yi amfani ba, sun miƙa kuɗi an ƙi, sun yi roƙo ba a saurare su ba. Kin ga mutanen da suka tsaya har aka kashe 'yan'uwansu a gabansu ba su yi musun Almasihu ba, amma rashin kabari ya sa su baƙin ciki, ba su kuma ji kunyar rubuta shi ba. Wahayin Yahaya 20:13 ya ce har teku za ta fito da matattun da ke cikinta. Wanda teku za ta yi wa biyayya, dajin da ke tsakanin Mubi da Kamaru ba zai gagare shi ba.

Da mutanen Koranti suka tambayi Manzo Bulus da wane irin jiki matattu za su tashi, gona ya kai su. Ke ma kin sani. Ƙwayar dawar da kika jefa a rami kika take da diddige, in kika tona bayan ta tsiro sai ɓawo za ki samu, ƙwayar ta tafi. Amma abin da ya fito dawa ce, ba ta rikiɗa ta zama gero ba. Mijinki ne zai tashi, shi ɗin da kika sani, cikin jikin da ba ya ruɓewa.

Sai maganar kuka. Ayar da uwar nan take jingina da ita tana 1 Tasalonikawa 4:13, kuma rabinta ta karanta. Bulus ya ce kada mu yi baƙin ciki irin na waɗanda ba su da bege. Baƙin cikin yana nan, irinsa ne ya bambanta. Yesu ya isa Baitanya Li'azaru na da kwana huɗu a kabari. Marta ta tare shi da ƙorafi, da kana nan da ɗan'uwana bai mutu ba. Maryamu ta zo ta maimaita masa maganar. Bai kwaɓe ko ɗaya ba. Ya san nan da ɗan lokaci zai kira mamacin ya fito da likkafaninsa, duk da haka ya tsaya ya zubar da hawaye. Da aka jejjefe Istifanas, Ayyukan Manzanni 8:2 ta ce waɗanda suka yi masa makoki mai zafi masu tsoron Allah ne. Ban san wata aya da ta yanka wa hawaye wa'adi ba.

Ba na so ki riƙe uwar nan a zuci. Sau da yawa mai cewa "ki daina kuka" tsoron nata kukan take ji. Amma a ganina mu masu wa'azi muna da hannu a ciki. Muna hanzarin tsallake Jumma'a da Asabar mu faɗa Lahadi, mu ɗaga murya da "ya tashi", alhali a kan benci akwai waɗanda har yau ba su san inda aka kwantar da nasu ba. Maryamu Magadaliya ma da kuka ta fara safiyar Ista, tana cewa sun ɗauke Ubangijina, ban san inda suka sa shi ba. In muryarki ta sarƙe, ki tsaya shiru a cikin jama'a, waɗanda ke gefenki su rera a madadinki. Dalilin taruwar ke nan.

Game da murhu kuwa, akwai abin da nake so ki duba da idonki. Buɗe 1 Korantiyawa 15, doguwar surar nan ta tashin matattu. Bayan Bulus ya gama yi wa mutuwa kirari, ya tambaye ta ina ƙarinta, sai ya rufe da cewa wahalarmu cikin Ubangiji ba a banza take ba. Juya shafi. Magana ta gaba ita ce tara gudummawa: kowace ranar farko ta mako kowa ya ware wani abu domin tsarkaka na Urushalima. Daga ƙaho na ƙarshe zuwa kwanon baiko, babu ko hutawa a tsakani. Wurin Bulus magana ɗaya ce. Tunda Allah zai ta da jiki, to cikin da kike cikawa da tuwo a gidan makoki yana da daraja a gabansa. A Yafa, da Tabita ta rasu, gwauraye ba su kawo wa Bitrus tarihin addu'o'inta ba, riguna suka ɗaga masa, waɗanda ta ɗinka da hannunta. Shi kansa Ubangiji bayan ya tashi, almajirai sun same shi a bakin teku ya hura gawayi, ga kifi a kai, ga gurasa.

Sai dai wannan hujja tana yanka ta ɓangare biyu, domin naki jikin ma na Allah ne. Iliya ya kwanta a ƙarƙashin itace ya ce ya isa, a ɗauki ransa. Mala'ika ya ba shi abinci da ruwa, ya bar shi ya yi barci, ya sake tashinsa ya ci. Maganar aiki sai daga baya. Don haka ki je wurin shugabar zumunta ki ce a raba girkin rasuwa rukuni-rukuni, a cire ki na wata uku. Wannan ba zunubi ba ne. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, za su gane, in kuma ba su gane ba ki kai wa dattawa.

Ki kuma roƙi pastonku a yi wa maigidanki sujadar tunawa, a kira sunansa, yaransa su ji an faɗi ko wane ne shi. Ba ke kaɗai ba ce: ranar 29 ga Oktoba 2014 hatta shugabannin EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, da gudu suka bar hedikwatarsu ta Kwarhi, kuma gidaje da yawa, na Kirista da na Musulmi, suna zaune da irin wannan jira. Ƙungiyar Red Cross tana da sashen neman waɗanda suka ɓata, ki je a rubuta sunansa, kyauta ne. Dokar Nijeriya kuma tana ɗaukar wanda aka shekara 7 ba a ji ɗuriyarsa ba a matsayin mamaci, saboda haka lauya zai iya taimaka miki da takardar kotu in akwai fili ko haƙƙin aiki da ya maƙale.

Tambaya: Baba, mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki, ni ke yi masa wanka da juya shi. Abokaina sun yi aure sun wuce ni. Wani dare na ji zuciyata tana cewa da ma ya huta. Na zama mugun ɗa?

Wani matashi, daga Kafanchan

Amsa: Ɗana, mugun ɗa ba ya tashi tsakar dare ya juya ubansa. Gajiya ce ta yi magana, ka kai ta gaban Allah yadda take, Zabura cike take da irin waɗannan kalmomi. Jikin nan da kake wankewa, wanda hannu ɗaya ya ƙi ɗagawa, shi Bulus ya ce ana shuka shi da rauni a ta da shi da ƙarfi. Za ka ga mahaifinka tsaye.

Kafin ranar, ka tara 'yan'uwanka maza da mata ka raba musu kwanaki, wanda yake nesa ya aiko da kuɗin magani. Ka riƙa juya Baba duk bayan kamar awa biyu, kana duba ƙugu da kafaɗa da diddige. In ka ga fata ta yi ja ko duhu ba ta washe ba, gyambon kwanciya ne ke shirin fitowa, ka nemi ma'aikacin jinya tun bai fashe ba. Ka kuma gaya wa Zumuntar Maza su riƙa turo mutum ɗaya ranar Lahadi ya zauna da shi, kai ka je sujada.