Komin da Muke Bari Babu Jariri a Ciki: Amsa ga Baba a Kan Kirsimetinmu na Ingila

Baba, muna gaisuwa da ladabi, da fatan kuna lafiya, da Mama da dukan jama'ar gida. Tambayarku ta iso gare mu, mu 'ya'yanku Hausawa masu bin Almasihu da ke zaune a Ingila. Kun ga hoton wata 'yar bukka a gaban majami'a da 'yan mutum-mutumi a ciki, ga kyandirori, ga yara riƙe da lemo, kuka ce shin wannan sujada ce ko wasan 'yar tsana, kuma me ya haɗa haihuwar Mai Ceto da waɗannan kaya. Kuna da gaskiyar tambaya, domin wanda ya tashi a ECWA ko COCIN idonsa bai saba da wannan ba.

A nan Kirsimeti da jira yake farawa. Lahadi ta huɗu kafin 25 ga Disamba, wadda takan faɗo tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, ita ce mafarin makonnin jiran zuwan Almasihu. A lokacin nan rana a Landan takan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma, a ƙarshen wata kuma ba ta fitowa sai bayan 8 na safe. Akan naɗa ɗanyen ganye kamar gammo, a kafa kyandir huɗu a kewaye, fari guda a tsakiya. Kowace Lahadi a ƙara kunna ɗaya. A yawancin majami'un Angilika na farko don tunawa da Ibrahim da kakannin bangaskiya ne, na biyu annabawa, na uku Yahaya Maibaftisma, na huɗu Maryamu. Farin ba a taɓa shi sai daren Kirsimeti. Abin da ake koya wa yaro shi ne alkawarin ya daɗe, tsara bayan tsara suka mutu suna jiransa, haske kuma kaɗan-kaɗan ya riƙa ƙaruwa. Wanda ya kunna duka biyar tun makon farko don hoto ya yi kyau, ya ɓata darasin.

Ita bukkar, ba Turawan Ingila suka ƙago ta ba. A shekarar 1223 Faransis na Asisi, wani mai wa'azi ɗan Italiya, ya shirya komi da ciyawa, ya kawo sa da jaki masu rai a wani ƙauyen Italiya mai suna Gireco, don talakawan da ba su iya karatu ba su ga talaucin da aka haifi Yesu a ciki da idonsu. Har yau aikinta ke nan: karatun Luka sura 2 da Matiyu sura 2 ne aka shimfiɗa a kan tebur.

Ga yadda muke jera ta. Makon farko bukka ce kawai, da ciyawa, da komi, da dabbobi. Maryamu da Yusufu ana ajiye su can bakin ƙofar majami'a, kowace Lahadi yara su matso da su kaɗan, don a tuna cewa daga Nazarat zuwa Baitalami tafiyar kwanaki ce, wajen kilomita 140, ga mace da tsohon ciki, duk saboda umarnin ƙidaya da Kaisar Augustas ya bayar daga Roma. Makiyaya na gefe guda da tumakinsu. Komin kuwa wayam yake har daren 24 ga wata, sannan a ba ƙaramin yaro jaririn ya kwantar.

Wannan komi, Baba, shi ne zuciyar maganar. Bahaushe ya san komi, inda ake zuba wa doki ko saniya dusa da harawa. Luka ya ambace shi sau uku a sura ɗaya, har mala'ika ya mai da shi alamar da makiyaya za su gane yaron da ita. Ya ce an kwantar da shi a komi ne don ba su sami wuri a masauki ba, kuma kalmar da aka fassara mana da masauki ita ce dai Luka ya yi amfani da ita ga ɗakin baƙin da Yesu ya ci Jibin Ƙetarewa na ƙarshe da almajiransa. Shi ya sa masana da yawa ke ganin gidan dangi ne ya cika da baƙi, aka rasa ɗaki, aka kai mai naƙuda inda dabbobi ke kwana. Ku ɗauka gidan biki ne a ƙauye, zaure ya cika, ɗakin baƙi ya cika, sai wajen turken awaki. A nan ne, bisa ga bangaskiyarmu, Kalman Allah ya zama mutum. Wanda sammai ba sa iya ɗaukarsa ya yarda a naɗe shi da zanen goyo, ya ji sanyi, ya yi kukan yunwa. Bulus ya faɗa wa Filibiyawa cewa ya ƙasƙantar da kansa, ya ɗauki surar bawa, kuma wannan ƙasƙanci daga komi ya fara, a kan gicciye ya ƙare. Sunan garin ma, Baitalami, gidan gurasa yake nufi, kuma wanda aka kwantar a wurin cin dabbobi shi ne daga baya ya kira kansa gurasar rai. Mai bi idan ya tsaya gaban komin, abin da ya kamata ya tsaya masa a rai shi ne ma'anar sunan Immanuwel, wato Allah na tare da mu, har a inda babu gado.

Sai makiyayan. Ba fada aka fara kai albishir ba, ba wurin manyan firistoci a Urushalima ba, alhali tsakaninta da Baitalami bai kai kilomita 10 ba. Masu kwana a daji suna gadin garke aka fara faɗa wa, kamar a ce labarin haihuwar sarki ya isa ruga kafin ya isa gidan hakimi. Maryamu ta riga ta rera haka a waƙarta, cewa Allah yana saukar da masu iko, yana ɗaukaka ƙasƙantattu.

Masana taurari da suka zo daga gabas su gai da jaririn kuwa, a nan aka fi yin kuskure, a gida da waje. Matiyu bai ce su uku ne ba, bai ce sarakuna ne ba. Kyautai ne uku: zinariya, lubban da mur, waɗanda Ikilisiya tun da take fassarawa da sarauta, sujada, da mutuwa, tun da da mur aka shafe jikin Yesu ranar jana'izarsa. Kuma a gida suka same shi. Sarki Hirudus da ya sa a kashe yara maza na Baitalami, 'yan shekara biyu zuwa ƙasa ya ce, bisa lokacin da masanan suka faɗa masa, alamar cewa ba daren haihuwa suka iso ba. Don haka ba ma kai su bakin komi sai 6 ga Janairu. Su ne baƙin al'ummai na farko da suka durƙusa masa, ta wurinsu mu ma da ba Yahudawa ba muke ganin ƙofarmu. Jakin da ake ɗora Maryamu a kai da mai masaukin da ke korar su a wasan yara, duk babu su a Nassi. Sa da jakin cikin bukkar daga Ishaya 1:3 aka aro su, inda annabin ya ce dabba ta san komin ubangijinta, jama'a kuwa ba su sani ba. Muna barinsu, amma wajibi ne malamin Makarantar Lahadi ya rarrabe wa yara abin da ke rubuce da abin da aka ƙara.

Lemon nan sunansa Kiristingil, ya samo asali daga Ikilisiyar 'yan Morabiya a Jamus a 1747, ya bazu a Ingila daga 1968. Lemon shi ne duniya, jan ƙyallen da aka ɗaura masa jinin Almasihu, tsinke huɗu masu zabibi da alewa albarkar ƙasa, kyandir a sama Hasken duniya. Ana huda saman lemon, a sa 'yar takardar ƙarfe ta naɗe abinci don ta tare narkakken kyandir. Haɗarinsa wuta ne: yara na jere, gashi ko gyalen na gaba na iya kamawa, shi ya sa ake ba da tazara, babba ya tsaya kusa da bokitin ruwa, ƙananan a ba su fitila mai batir.

Game da tsoronku na gumaka, ba mu raina shi ba. A cikinmu akwai iyalan da ba sa ajiye siffar mutum ko kaɗan, sai komi da ciyawa da Littafi Mai Tsarki a buɗe, kuma ba wanda ke matsa musu. Ba a yi wa waɗannan siffofi sujada. Abin da mu ya fi damunmu shi ne jariri mai shuɗin ido da bukka mai tsabta kamar ɗakin amarya, domin suna ɓoye talaucin da labarin ke so a gani.

Ba ma kwashe kayan washegari. Ranar 28 ga Disamba ana tunawa da yaran da Hirudus ya kashe, da gudun da Yusufu ya yi da dare da matarsa da jariri zuwa Masar. Majami'ar da ke cike da baƙi da masu neman mafaka takan yi tsit idan ana wannan karatu, domin Mai Cetonsu ma ya yi zaman baƙunta, a ƙasar Afirka kuma. Ranar 1 ga Janairu, kwana na takwas, ita ce ranar kaciya da raɗa suna, abin da ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayani ba. Haka ma arba'in: ranar 2 ga Fabrairu ake tunawa da kai Yesu Haikali, inda iyayen suka miƙa kurciyoyi biyu ko 'yan tattabarai biyu, hadayar da Doka ta yarje wa wadda ba ta da halin ɗan rago. A nan tsoho Saminu ya rungume shi, ya kuma faɗa wa Maryamu cewa takobi zai soki zuciyarta. Bayan wannan karatu ne ake kashe kyandir, a naɗe siffofin cikin takarda, a zubar da ciyawar don kada ta jiƙe ta yi fumfuna a ma'aji.

A gaida Mama da dattawan ikilisiya. Mun gode, Baba.