Kun Tambaya: Ƙaho da Tausa a Kan Ciwon Tsoka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne, a kan keke nake wuni, kafaɗuna da gadon bayana sun sage kamar an ɗaure su da igiya. Wani mai tausa ya ce zai haɗa mini da ƙaho, amma ba tsaga. Ni kuwa ƙahon da na sani na wanzamai ne. Wanda ba jini ɗin yana yin wani abu kuwa? Daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Yana yi, daidai gwargwado. Tausa danna tsoka take yi, ƙaho kuma zuƙo ta yake yi sama, ya ɗaga fata da naman da ke ƙarƙashinta, jini ya ƙaru a wurin, sagewar ta saki. Shi ya sa ake haɗa su.

Ga yadda mai gwaninta zai yi. Za ka kwanta rub da ciki, ya shafa maka man zaitun ko na kwakwa kamar cokalin shayi biyu, ya yi tausa da hannu wajen minti 10 har naman ya ɗumama. A nan zai gano inda ya ƙulle, irin wurin da in an danna sai ka ɗan zabura. Sannan ya ɗauko kofi, wanda shi ne a madadin ƙahon. Yawanci yanzu na roba ne mai famfon hannu, babba mai faɗin santimita 6 ko 7 don baya, ƙarami don kafaɗa. Ja ɗaya ko biyu na famfo ya isa. Za ka ga fata ta cunno cikin kofin kamar kan alkaki, ba za ta wuce santimita ɗaya ba. Da wannan sassauƙan riƙon zai riƙa zame kofin sama da ƙasa a gefen ƙashin baya, dama da hagu, minti 3 zuwa 5. Ba a bin kan ƙashin kansa. Daga nan ya kafa kofuna a wuraren da suka ƙulle, ya bar su minti 5 zuwa 10. Wajen cirewa iska ake saki tukuna, ba fizga ake yi ba.

Inda ake ɓata aikin biyu ne: yawan ja da daɗewa. Kofin da ya wuce minti 15, ko aka matse shi har kana cije leɓe, yana iya tayar da bororo, in ya fashe kuma ya zama gyambo. Ya kamata ka ji ja ne, ba zogi ba. In ka ji zogi ka faɗa, kada ka daure don nuna jarumta. Kada kuma ka je da yunwa, jiri na iya ɗibar ka wajen tashi.

Sauƙin da za ka samu na 'yan kwanaki ne. Matuƙar tsayin kujerarka bai daidaita ba kana sunkuyawa kan allura, ciwon zai dawo. Ka gyara tsayinta, ka riƙa miƙewa duk bayan minti 40 ko makamancin haka.

Tambaya: An yi mini ƙaho a baya, wani shatin ya yi baƙi ƙirin, wani ja kawai. Mai aikin ta ce baƙin mataccen jini ne, wai nan cutar take. Haka ne? Daga Maraɗi.

Amsa: Hajiya, ba haka ba ne. Zuƙar ce take fasa ƙananan hanyoyin jini na ƙarƙashin fata, jinin ya kwanta, kamar dai an buge ki. Duhun shatin ƙarfin ja yake nunawa da daɗewar kofi da yanayin fatar wurin, ba yawan cuta ba. Irin wannan shati ne duniya ta gani a kafaɗar Michael Phelps, ɗan ninƙayan Amurka, a gasar Olamfik ta Riyo a 2016, kuma lafiyarsa ƙalau. Shatin yakan baje cikin mako ɗaya zuwa biyu. Kada a sake kafa kofi a kansa sai ya ɓace, don maimaitawa a wuri ɗaya na iya barin tabo mai duhu a fata irin tamu.

Tambaya: Mahaifinmu ya fi yarda da ƙahon wanzami mai tsaga, amma yana da ciwon suga kuma yana shan asfirin kullum. Mu bar shi? Daga Gusau.

Amsa: Kada ku bar shi sai likitansa ya amince. Asfirin, da ma warfarin, suna hana jini saurin daskarewa, ƙaramar tsaga sai ta yi ta zuba. Ciwon suga kuwa yana jinkirta warkewar rauni. Mai ƙarancin jini da mai sikila su ma tsaga ba tasu ba ce. Mai juna biyu kuwa ko busasshen ƙaho, wato marar tsaga, ba a yi mata a ciki ko a ƙugu.

Ga masu lafiya da ke son hijama, wato ƙaho mai tsaga, maganar aska ce babba. A buɗe sabuwar reza a gabanku, mai aikin ya sa safar hannu, kofin ya zama na mutum ɗaya. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kai kwana 7 da ranta a busasshen jini, kuma cikin ƙahon saniya yana da wuyar wankuwa, ɗauraya da ruwan zafi ba ta wadatar.

Tambaya: Jiya na ji tsokar ɗambubuna ta fizge a wajen ƙwallo. In sa ƙaho yau? Daga Jos.

Amsa: A'a, ɗan samari. Sabon rauni ba ya son tausa ko ƙaho a kwana biyu zuwa uku na farko, kumburi za su ƙara masa. Ka naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a rana, ka ɗora ƙafar a kan filo. In ƙafar ta kumbura ta yi zafi, ko ka kasa taka ta, asibiti za ka nufa, don jini na iya daskarewa a jijiyar wurin, kuma matsa shi haɗari ne.